Gilashin Saman Motar Ɗanmaliki

A duk Tambuwal ba a taɓa ganin Ɗanmaliki ya kai kayansa wurin mai gyara ba. Akawu ne a sakatariyar Kebbe, amma in ka leƙa zaurensa sai ka rantse shagon bakanike ne. Rediyo, fanka, injin markaɗen matarsa Atu, duk sun sha kwancewa a hannunsa. Wasu sun tashi, wasu suna nan cikin kwali suna jiran ranar da ba ta zuwa. Ba rowa ke sa shi haka ba. Shi dai ba ya jure ganin abu a rufe bai san cikinsa ba.

Da ya gaji da hawan babur ya sayi mota 'yar Kwatano, mai gilashi a rufinta. A ƙasar da aka ƙera ta wataƙila rana abin marmari ce. A nan kuwa, wa zai biya kuɗi a huda masa rufi? Abin da ya sa Atu ta yi shiru shi ne gilashin yana da murfi daga ciki, wani allo mai laushi da ake ja ya rufe shi ruf. Ita damuwarta ɗaya ce. Autarsu Mu'minatu zabiya ce, rana kaɗan ke ƙona mata fata, har likita ya ja musu kunne a kan haka.

Hanyar Kebbe ba ta barin mota da lafiyarta. Kafin shekara ta zagayo murfin ya maƙale a buɗe, ja ba ya zuwa, turi ba ya komawa. Ga shi kakar yarinyar a Kebbe ta aiko a kawo mata ita hutu. Atu ta ce a kai motar wurin masu kushin, ko a manna kwali a huta. Ɗanmaliki ya dube ta kamar ta zage shi.

Ranar Asabar ya shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiya. Ya ɓalle robar da ke gefen rufin, ya zaro murfin, ya tarar wasu 'yan ƙafafun roba da ke zamewa cikin kwarin ƙarfe sun karye, kwarin kuma ya cushe da yashi. Ya wanke shi da kananzir da tsohon buroshi. Ya yanko bakin fasasshen bokitin roba, ya yi ta fiƙewa da reza har ya fitar da sababbin ƙafafu, ya liƙa da gam, ya ɗaure da siririyar waya. A gaskiya aikin ya yi kyau. Murfin ya riƙa tafiya sumul, shi kuwa duk wanda ya gifta sai ya kira shi ya ja ya gani.

Washegari da hantsi suka kama hanya, Mu'minatu a baya da hijabinta, shi yana tuƙi yana ba ta labarin yadda ya yi dabarar. Da suka bar kwalta mota ta shiga tsalle, gam ya saki. Murfin ya zame baya a hankali ba ƙara, rana ta sauko daidai inda yarinyar take. Ya ji zafi ya ƙaru, ya ɗauka na hanya ne, bai ɗaga kai ba.

Sai a ƙofar gidan kaka ya ga abin da ya faru. Goshin Mu'minatu da bayan hannayenta sun yi jajir, gefen hancinta har ya fara tasawa. Kunya ta rufe shi.

"Mi ya hana ki hwaɗa min ya buɗe?"

Ta sunkuyar da kai. "Baba, na ga kana ta murna ka gyara shi."

Tsohuwa ta ja jikarta ɗaki tana faɗa, ta shafa mata man kaɗe, ba ta ko amsa gaisuwarsa ba. Ya daɗe tsaye a jikin motar. Ya san inda kuskuren yake, ya san gam mai ƙarfi zai riƙe, har hannunsa ya kai ga akwatin kayan aiki. Sai ya janye hannun.

Ya taka zuwa kasuwa ya sayo gwangwanin farin fenti. Ya hau kan benci ya shafe gilashin daga waje, ya bari ya sha iska ya ƙara shafi. Wani abokin aikinsa da ke wucewa ya tsaya yana cewa ya ɓata mota, ai abin gyaruwa yake.

"Na sani," in ji Ɗanmaliki. "Ba ni gwada shi bisa ɗiyata kuma."

Ya shiga ya zauna a kujerar baya, daidai wurinta, ya ɗaga kai yana neman ko akwai inda haske ke ɓullowa.