Faifan da Kawu Ya Manna wa Hoto

Kawuna direba ne tun kafin a haife ni, kuma da taurin kai sana'a ce, da ita ce ta biyunsa. Yaran makaranta yake ɗauka a wata tsohuwar mota mai ƙofar da ba ta buɗuwa sai ta waje. Ya san gidan da yaro ke makara, ya san wanda ke amai in an zaunar da shi a baya. Matarsa tela ce, Inna nake ce mata. Ba su haihu ba, ni suka riƙa tun ina rarrafe. In Inna ta hau keken ɗinki bakinta ba ya hutawa, waƙoƙin da ta ƙirƙira take yi, rabinsu tsokanar mijinta. Akwai wadda take cewa, "Direba, yaushe za ka dawo?" Shi kuma ya amsa daga duk inda yake a gidan, "Ga ni nan tafe."

Bayan rasuwarta na tarar ta ɗauki waƙoƙin a wayarta, ita kaɗai a ɗaki, ƙarar keke na bin muryarta. Wurin amshi takan yi shiru ta bar masa gurbi. Kawu ya ce a mota yake so ya riƙa ji, rediyon motar kuwa ba ya karɓar komai sai faifan CD. Na zuba waƙoƙin a faifai da kwamfutar ofishinmu, suka yi tsaf a can. Muka sa a mota, rediyon ya yi ta gurnani ya tofo shi. Na sake wani, ya sake tofowa.

"Sakatariya, karatun naki ke nan?" in ji Kawu, don haka yake kirana tun da na fara aikin ofis.

Sai da wata abokiyar aikina ta ce tsofaffin rediyo ba su san matsattsen sauti irin na waya ba. Ta ce in sayi faifan da ba a gogewa, in buga shi irin na waƙa zalla, a hankali, kar in bar kwamfuta ta yi gudu. Ranar da muryar Inna ta fito daga ƙofofin motar, Kawu ya ce in sauka, wai zai duba taya.

Daga nan ya yi abin da ya ga dama. Ya yanko hotonta, ya shafa masa gam, ya manna a bayan faifan don kar ya ruɗe da wani. Wane wanin, oho, faifai ɗaya gare shi a duniya. Motar na wuni a rana, takarda ta kumbura, faifai ya maƙale a ciki. Yana yin waƙa amma ba ya fitowa. A tsakanin nan aka sace wayar Inna a aljihunsa, ofis kuma suka canza kwamfutoci. Muryar Inna ta rage a wuri ɗaya tak. Na yi magiya har na gaji ya bar ni in ɗauka da wayata, ya ce, "Abin da ke zaune lafiya ba a tsokanarsa." Gaskiyar ita ce ba ya kunnawa sai ya sauke yaro na ƙarshe, kuma ba ya so kowa ya ga fuskarsa a lokacin.

Sai injin motar ya buga, bugun da makanike ya ce ko a mafarki ba za ta sake tashi ba. Masu sayen tsofaffin ƙarafa suka ce da la'asar za su zo su ja ta. Na kira mai gyaran rediyo na bakin titinmu. Ya haska ramin faifan da tocila, ya daɗe yana leƙe, ya ɗago yana girgiza kai.

"Baba, hoton ya ɗago ya kama ƙarfe. Irin wannan faifan, waƙar tana ƙarƙashin fatar bayansa ne, daidai inda kuka sa gam. In na ja, hoton zai taho da ita."

"To cire rediyon gaba ɗaya," na ce.

"Da na cire masa wuta na mayar, abu na farko da zai yi shi ne ya turo faifan waje. Shi zai yage shi da kansa."

Kawu ya zauna a kujerar direba ya riƙe sitiyari kamar mai shirin tafiya. Haushinsa ya cika ni, har na kasa tausaya masa.

"Kawu, batirin nan ya kwana biyu ba caji. Ku kunna yanzu in ɗauka, ko mu rasa ta gaba ɗaya."

Ya murɗa makulli. Fitilar rediyon ta kawo dishi-dishi. Faifan ya juya, ya yi ƙas-ƙas, ya tsaya. Kawu ya danna maɓalli, shiru. Mai gyara ya ce zafi ya yi yawa, ya cire rigarsa ya rufe gilashin gaba, muka buɗe ƙofofi muna fifita gaban motar, inda rediyon yake, da kwali kamar masu jinya. Can ƙarshen layi na hango motar janwe ta kunno kai, tun la'asar ba ta yi ba.

"Je ka tare su," na ce wa mai gyara. "Ko labarin kakarka ne ka ba su."

Kawu ya yi bismillah, ya ɗan bubbuga gefen rediyon da yatsa biyu, ya danna. Ƙarar keken ɗinki ta fara fitowa. Na durƙusa na kanga wayata a lasifikar ƙofa.

"Don Allah Kawu, ko tari kar ku yi."

Waƙa ta fari ta wuce, ta biyu ta yi tsalle sau ɗaya ta ci gaba. Fitilar rediyon na ƙara dusashewa, ina jin mai janwe yana ɗaga murya a waje. Sai Inna ta ce, "Direba, yaushe za ka dawo?" ta yi shirunta.

"Ga ni nan tafe," in ji Kawu.

Na ɗago na harare shi. Idonsa a rufe yake, bai ma san ina wurin ba. Ta sake tambaya, ya sake amsawa, muryarsa na karyewa. A karo na uku rediyon ya yi wata ƙara kamar an yage takarda, fitila ta mutu. Da mai gyara ya kwance shi, hoton ya fito da ɓawon azurfa manne a bayansa, faifan kuwa kana hango hannunka ta cikinsa.

Kawu ya sa hoton a aljihun gaba. Da na kunna masa abin da na ɗauka ya ji muryarsa a ciki, sai ya ɓata rai ya ce, "Na lalata miki aiki, Sakatariya. Ba a goge nawa?" Na ce ba a gogewa, kuma ko ana yi ba zan yi ba. Bai sake tuƙi ba. Ya koma zama a ƙofar gida, yaran da ya yi wa jigila suna wucewa suna gaishe shi, yana yi musu faɗan makara.

Bara ya rasu. Nakan kunna waƙar in ina wanke-wanke, in saurari Inna ta tambaya, shi kuma ya amsa mata sau biyu. Tambaya ta uku ba ta kai ƙarshe ba, a nan nake kashe famfo in tsaya.