Layin Da Ya Ƙi Matsawa

Wata Talata ce a tsakiyar bazara, shekarar da nake aji uku a firamare, na farka na ji wuyana ya ƙi juyawa. Zafi ya cika ɗaki tun kafin rana ta haura katanga, kaji sun lafe a gindin randa baki buɗe. A makonnin nan sanƙarau ya shigo birni. Manya ba sa kama sunansa, sai dai su ce "ciwon nan", amma mu yara muna ganin makara tana fita daga lunguna, an kuma hana mu gaɗa da carafke a ƙofar gida. Wadda muke zama benci ɗaya da ita a aji ta tafi gida da ciwon kai, ba ta sake dawowa ba.

Baba ya tafi ƙauye sayen hatsi tun da asuba. Umma ta taɓa goshina. Ta bar wanke-wanke a jiƙe, ta zura hijabi, ta kama hannuna muka bi lungu zuwa ƙaramin asibitin unguwarmu. Ma'aikacin lafiya ɗaya ne a ciki, kuma tun daga bakin ƙofa muka ji mata suna raɗa cewa allurar da aka kawo kaɗan ce, in ta ƙare sai wani makon.

Ni kuwa na san layi, domin aikina ne kai bokiti famfo da kai niƙa inji. A famfo wanda ya riga zuwa shi ke riga ɗiba. Nakan zauna a kan dutse ina kallon yadda ruwa ke cika bokitin gaba, in dubi jerin da ya rage, in ce wa kaina kafin a tashi daga makarantar allo zan kai, kuma yawanci hakan ake yi. Don haka da muka zauna a benci a gindin darbejiya, na dubi mutanen da ke gabanmu, na lura da jimawar kowa a ciki, zuciyata ta ce kafin azahar mun shiga.

Ashe bencin asibiti ba famfo ba ne. A cikin birni kowa babban wani ne, Umma kuwa aure ya kawo ta unguwar, har lokacin amarya ake kiranta. Duk tsohuwar da ta shigo, ko gwaggon Baba ce ko ƙawar mahaifiyarsa. Sai Umma ta tashi ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce, "Bismillah Iya, ku shiga gaba." Su sa mata albarka su zauna. Wata ma ta dungure mini kai tana dariya, ta ce, "Ja'ira, gudun makaranta ne ya kawo ki ko?"

Umma ba ta iya cewa komai ba, saboda ni ce 'yar fari. Kunya ta hana ta kama sunana tun da aka haife ni, sai "ke" ko "yarinyar nan", balle ta nuna damuwa da ni a gaban dangin miji. Ta kau da fuska gefe kamar ba tare muke ba, amma a ƙarƙashin hijabi ta riƙe tsintsiyar hannuna har ina jin farcenta.

A cikin zazzaɓin nan na fahimci wani abu da ya tsorata ni fiye da ciwon. Duk sanda ƙofar ɗaki ta buɗe mutum ya shiga, sai ƙofar waje ta kawo wata babbar, wani lokaci har da rakiya. Layi yana tafiya, mu ba ma tafiya. Inuwar darbejiya ta yi ta janyewa daga kanmu, haske ya koma kamar ƙaya a idona. Ina jin ƙarar kwalaben allura da aka gama da su suna faɗawa kwano. Can wata mata ta fito da goyo, an rufe shi da zane har kai, ba wanda ya tambaye ta komai.

Ban san sanda na sulale daga benci ba. Abin da na sani, Umma ta miƙe tsaye, ba ta durƙusa ba. Gwaggo Ladi, yayar kakana, ita ce a bakin ƙofa. Umma ta ce, "Gwaggo, ku yi mini aikin gafara. Safiya ce. Safiyata ce, wuyanta ya sanƙare."

Matan benci suka juyo gare ni. Gwaggo ta ce, "Innalillahi! Tun safe kina zaune da wannan magana a baki? Ku matsa, ku matsa mata!" Ita da kanta ta buga ƙofar da sandarta. Aka yi mini allura, aka tura mu babban asibiti a keke. Na rayu, amma kunnena na hagu bai sake jin sauti ba.

Da na shiga jami'a karatun lissafi, wata rana malaminmu ya zo kan darasin layi da jira. Ya nuna mana a allo cewa idan wasu suna da fifiko, kuma suna zuwa daidai da saurin mai sallama, jiran na ƙasa ba shi da iyaka. 'Yan ajinmu suna ta kwafa, ni kuwa bencin asibitin nan nake gani.

Yanzu a asibitin nan lamba ake bai wa kowa, mai tsananin ciwo a shigar da shi da wuri. Hakan ya fi adalci, na sani. Sai dai ba mai tashi wa wani, kowa ya sunkuya a kan wayarsa, kuma tsofaffin da ke buga ƙofa saboda jikar wani sun ƙare ɗaya bayan ɗaya. Na iya lissafa tsawon jira, amma har yau ban san yadda ake auna shirun uwa ba.