Matar da Ke Kashe Gerald Duk Litinin

Duk Litinin, kafin ɗalibai su iso, sai Malama Eirlys Bevan ta kashe Gerald. Mutum-mutumin tallar tufafi ne da ta tsinto a bayan wani shago. Ta shimfiɗe shi tsakiyar aji, ta yaɓa masa jan tumatirin da ake dangwala soyayyen dankali. Da 'yan ajin ƙarshe masu shirin jami'a sun shigo sai ta ce, "To, sarakan surutu, wa ya aikata? Me kuma ya kai shi?"

Haka ta koyar da nazarin laifuka a ɗan garin nan namu na Wales, tun ana yi mata dariya wai darasin 'yan kallon talabijin ne.

Sai ga Dewi Prosser ya nemi shiga ajin, yaron da kowa ya san an taɓa kamawa da motar sata. Shugaban makaranta, Mista Hallam, ya kira ta ofis.

"Haba, Eirlys! Ɓarawo za ki koya wa yadda ake kama ɓarawo? Iyaye sun kawo kuka. A kai shi wani ajin."

"Ba inda za shi," in ji ta. "In ka cire shi, ni da Gerald mu bi bayansa, sai ka zo ka koyar."

Sakatariya ta rantse har waje ta jiyo muryarta. Iyaye biyu suka janye 'ya'yansu, ko a jikinta.

Ranar da waya ta ɓata a aji, idanu suka koma kan Dewi. Ya miƙe zai fice, ficewar da ba dawowa. Ta tare ƙofa.

"Koma ka zauna! Ku kuma, 'yan sandan gangan, ina hujjarku?"

Dewi ya koma ya zauna. Har yau ba a ga wayar ba, ita kuwa ba ta taɓa tambayarsa ba.

Ke ce, Malama, kika tsaya lokacin da muka juya wa Dewi baya. Wallahi kin ba mu kunya, mun kuma gode. Duk mai riƙe da aji ya yi koyi da ke, kada ya yanke wa ɗan wani hukunci tun daga ƙofa.

Shekaru sun shuɗe. Juma'ar da ta wuce ta ajiye aiki. Ta rungumo Gerald ta danƙa wa sabon malamin da zai gaje ta.

"Ungo, Dewi. Litinin ka kashe shi da kyau."