Malamin Ɗorewa Ya Bar Ni da Daurewa

Ga kacici-kacici, mai karatu, tunda ni ban iya buɗe baki ba sai da shi, ko a gidan makoki ne. Wane iri ne ake tona wa rami, a sa shi a hankali, a mayar da ƙasa, a yayyafa ruwa, sannan kowa ya karkaɗe hannu ya koma gida, ba mai dawowa gobe ya duba ko ya tsiro? Riƙe shi tukuna. Wanda ya saba cafke amsa tun ban rufe baki ba ba ya nan, don haka ba sauri nake ba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, Allah ya karɓi ran jikana, ɗan 'yata ta fari, malamin jami'a mai koyar da yadda za a kula da ƙasa da ruwa da itatuwa. Ɗalibansa na ce masa Malam Gwangwani, ni kuma angona nake ce masa. Kwana huɗu ya yi a asibiti. Shekarunsa talatin da tara. Nawa sun ninka nasa har da 'yan kai, ga shi ni ce a zaune ina rubutu da bironsa. Aji huɗu na yi a makaranta, duk wanda ya ga harafi ya karkace, ya miƙe shi da kansa.

Angona, bari in juyo kanka, don da kai na saba faɗa.

Ka tuna ranar da aka ɗauke ka aiki? Ka shigo da takarda kana washe baki kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Na ce me za ka koya wa 'ya'yan mutane? Ka ce, "Ci gaba mai ɗorewa, Kaka." Kunnena na hagu dama ya daɗe da ajiye aiki, sai na ji "daurewa". Na ce, "Ashe har digiri ake yi a kan daurewa? Ai da ni suka ɗauka. Shekara arba'in na yi da kakanka." Ka yi dariya har ka ƙware. Ka zauna ka gyara mini: ɗorewa, wato abu ya daɗe, mu ci mu rage wa waɗanda ba a haifa ba tukuna. Na gane sarai. Amma duk wanda ya tambaye ni a unguwa, cewa nake jikana malamin daurewa ne. Tsokanar ta fi gaskiyar daɗi.

Ka sha zama a bakin ƙofar kicin ɗina kana ba ni labarin ƙanƙarar ƙarshen duniya da ke narkewa, da tekun da ke hawa yana cin garuruwa. Na ce ƙanƙarar da ban aike ta ba, tekun da ban taɓa gani ba, ina ruwana da su? Washegari sai ga ka da ƙullin ƙanƙara. Ka ɗauko farantina na tangaran, ka zuba ruwa kaɗan, ka kifa kwano a tsakiya ka ɗora ƙanƙarar a kai, ka jera kwalayen ashanata uku a baki-baki ka ce garuruwa ne. Ka kunna risho a gefe, ka ja ni da hira. Kafin in ankara ruwa ya haura, ashanata ta jiƙe sharkaf. Na ce, "To madalla, mai ceton duniya ya hallaka mini ashana." Ka ce, "Haka abin yake, Kaka. Wanda ya kunna wutar daban, wanda ashanarsa ta jiƙe daban." Daga baya na ji duk shekara haka kake yi wa sababbin ɗalibai a aji. Da farantina. Har yau yana ofishinka, ɓarawo.

Sunan Gwangwani kuwa kai ka jawo wa kanka. Mutum da digiri uku, in ya ga gwangwanin madara ko na tumatir a bakin titi sai ya tsayar da mota ya sunkuya. Na ce ni kam na yi asarar aure, na auri ɗan bola. Ashe ɗalibanka kake tara wa. Duk farkon zango sai ka kwaso ajin gaba ɗaya ka kawo tsakar gidana, wai su ji daga bakin tsohon kundi. In zauna a kujerata, su zazzauna a kan tabarmi da bulo, in ba su labarin rafin da ke bayan layinmu, inda gidan mai yake yanzu. A nan na yi wanki ina amarya. Akwai kifi, akwai inuwar da rana ba ta keta ta. Sai in ƙara gishiri, in ce har da wani kada da ke gaishe ni kullum. Kai kuma daga bayansu ka ce, "Ku rubuta rafin, ku bar mata kadanta."

Bayan labari kowa ya ɗauki gwangwani, ya huda gindinsa, ya cika da ƙasa, ya sa iri, ya rubuta lambarsa ta jarrabawa a jiki. A gidana ake barin su, don ka ce awakin makaranta ba su san girman digiri ba. In an dawo daga hutu kowa ya zo ya ɗauki nasa ya dasa inda ya ga dama. Maganarka ɗaya ce kullum: "Wanda bai iya raya itace ɗaya ba, kada ya zo mini da zancen ceton duniya."

Famfon layinmu ya shekara biyu ko tari bai yi ba. Kai ke kawo ruwan. Kullum da safe kafin ka wuce aiki, jarka biyu a bayan tsohuwar motarka, ruwan ɗauraya da matarka ke tara maka. Ni ma ba ka ƙyale ni ba, ka ajiye mini baho ka ce in riƙa alwala a ciki. Na ce har ruwan alwalata sai ka yi wa gadi? Ka ce, "Lada biyu ke nan, Kaka, ke da ba kya son a ci ki ciniki." Ka bi gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya da kofi, kana musu magana kamar masu ji, ka sha shayina, ka kushe shi, ka tafi.

Juma'ar ƙarshe a kan kujera 'yar tsugunno ka yi ban ruwan. Ka ce kanka ke sarawa. Jarka ɗaya ka bar ta rabi, ka ce gobe ka ƙarasa. Na ce, "Angon da ba ya iya ɗaga jarka, ni sakinsa zan yi in nemi saurayi." Ka dafa bango ka miƙe, ka ce, "Ki daure, Kaka. Darasinmu ke nan." Da la'asar aka kai ka asibiti. Wannan ce maganarmu ta ƙarshe, ni da kai: barazanar saki.

Ranar makoki duk wanda ya durƙusa gabana abu ɗaya yake faɗa. Ki daure. Sai daurewa. Shugaban sashenku ya zo da malamai, mutum mai mutunci, ya ce, "Mama, sai daurewa." Wallahi dariya ta taso mini, na waiga bakin ƙofar kicin in kashe maka ido. Ba kowa a wurin. Duk faɗin gidan nan cike da mutane babu mai sanin abin dariyar sai ni. A lokacin ne na yi kukan da ban yi ba tun hantsin Talata.

Da na samu baki na nuna wa shugaban sashen gwangwanayen. Ya ce yara sun gama jarrabawa sun watse garuruwansu, amma za a duba. Ban ga laifinsa ba, mutuwa ta bar masa ajinka a ka. Sai dai itace bai san za a duba ba.

Yau kwana sha tara. Gwangwani arba'in da ɗaya ka bari. Sha uku sun bushe.

Rabin jarkar nan na yi ta tattalinta har kwana uku. Na gwada jan wadda ba komai cikinta zuwa rijiyar burtsatsen bakin titi, na cika ta rabi, gwiwa ta ce ba da ita ba, na zube a kwata sai da aka ɗaga ni. Matar maƙwabcina ke kawo mini bokiti ɗaya na sha da na salla, ita ma da nata 'ya'yan da nata ƙishin, bakina ba zai iya roƙon na biyu ba. Matarka tana takaba a gidan iyayenta can ƙarshen gari da yaranku biyu. Uwarka ko gwangwanin madara ta gani a kanti sai ta fashe da kuka, ban gaya mata ba. Abin da ya rage shi ne bahon da ka ajiye mini. Alwala ɗaya tana isar gwangwani biyu. Na koma yin alwala ko ba ta karye ba, duk da haka ba ta zagayawa. Kullum sai in tsaya da kofi a hannu ina zaɓen wanda zai sha da wanda zai jira. Na haifi bakwai, ban taɓa zaɓen wanda zai ci a cikinsu ba. Ga ni a tsufa ina yi.

Ku kuma 'ya'yan ajinsa, ban san ko takardar nan za ta same ku ba. Lambobi kuka rubuta, lamba kuwa ba ta amsa kira. Ban riƙe sunayenku ba sai waɗanda na raɗa muku. Mai Tabarau, ke da kika shafa wa naki shuɗin fenti, yana nan da ganye huɗu, na fi ba shi ruwa, Allah ya yafe mini son kai. Dogo Mai Tambaya, kai da ka ce in kawo shaidar kadan, naka ya sunkuyar da kai tun shekaranjiya. 'Yan Biyun Ƙarya, da kuka sa iri biyu a gwangwani ɗaya, duka sun fito. Sarkin Barci, naka ya mutu ranar Alhamis. Na ba shi ruwa Laraba, na makara. Ka yafe mini.

Ban ce ku ceci duniya ba, wannan ya fi ƙarfina, na ga ma ya fi ƙarfin malaminku. Ƙofar ba ta da sakata. Ku zo ku ɗauki abinku, ko ku aiko wani da jarka. In kuma kun tarar da ƙasa busasshiya a gwangwani, ku sani ba raini ba ne, iyakar ruwan tsohuwa ke nan.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa makwanci, ka sanyaya masa shi kamar yadda ya yi ta nema wa bayinka inuwa. Duk itacen da ɗalibansa suka dasa, duk tsuntsun da ya sauka a kai, duk matafiyin da ya huta a ƙarƙashi, ka kai ladan gare shi. Ina miƙa ta'aziyya ga 'yata da ta haife shi, da matarsa mai tara masa ruwa, da yaransa biyu, da malaman sashensu, da ɗalibansa na bana da na baya. Allah ya raya abin da ya bari, masu ƙafa da masu ganye. Ba zan ce muku ku daure ba. Na ji yadda kalmar take a kunne.

Irin da ake shukawa a ba shi ruwa sau ɗaya, ba a dawowa duba tsirowarsa, mutum ne. Nawa an shuka shi ranar Talata bayan azahar.