Izinin Haƙa a Gonar Baba Maƙeri

Ranar da labarin ya same ni ba ta fita daga raina ba. Ina zaune a ofishinmu na kula da wuraren tarihi a Gusau, wayata ta yi ƙara. Bello ne, babban ɗan Baba Maƙeri. Ya ce, "Malam Isa, Baba ya cika ɗazu. Sai haƙuri."

A kan teburina a lokacin akwai takardar neman sabunta izinin haƙa a gonarsa. Hannunsa kawai take jira.

Ga waɗanda ba su san aikinmu ba, ba a haƙa wurin tarihi haka nan. Sai mai ƙasar ya yarda ya sa hannu, dagaci ya shaida, mu je mu duba wurin mu rubuta rahoto, sannan a tura Abuja. Izinin kuma yana da wa'adi. In ya ƙare, sai a sake daga farko.

Gonar Baba tana wani ƙauye a ƙasar Bunguɗu. A gefenta akwai tsofaffin murahu na narkar da tama a fitar da ƙarfe, na kakanninsa, kuma kwazazzabo yana matso su duk damina. Shi da kansa ya hau mota ya zo ofishinmu, da dunƙulen kashin tama, ragowar da ake bari in an narkar da ita, ƙulle a tsumma. Ya ajiye a gabana ya ce, "Yaro, wanga abu kakana ya bari. Ku zo ku duba shi tun ruwa bai tafi da sauran ba."

Na haɗa shi da Malama Hadiza, 'yar Tsafe ce, mai binciken kayan tarihi a jami'a. Muka cika duk sharuɗɗa tun farkon rani. Izini bai fito ba sai bayan ruwa ya sauka, an yi shuka, gero ya tsiro har kan murahun.

Muka kai masa takardar. Ya juya ta, ya yi dariya ya ce, "Ashe ita ma ta jira damina, kamar kwaɗo." Sannan ya ce wa Bello ya ɗauko fartanya a cire geron wajen.

Bello ya sunkuyar da kai bai motsa ba. A wurinsu ba a tuge hatsin da ya riga ya tsiro. Malama Hadiza ta durƙusa ta ce, "Baba, ba za a cire abincin gidanka saboda ni ba. Mu bari a girbe."

Ya ce, "Ɗiyata, ke kina da kaka da yawa a gaba. Ni fa?"

Muka sha fura, muka koma.

Kafin a gama girbi wa'adin izinin ya ƙare. Na sami shugabana na roƙe shi a ƙara mana ko kaɗan. Mutumin kirki ne, ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce, "Isa, in muka buɗe wannan ƙofa yau don Baba, gobe masu tonon gumaka su sayar ta nan za su shigo." Gaskiya ya faɗa. Na sha ganin ramukan da suka bari. Haka muka koma neman izinin daga farko.

Da muka je gaisuwar rasuwar Baba, Bello ya kai mu gonar. Kwazazzabo ya riga ya cinye murhu ɗaya. Bello ya ce har Baba ya cika bai daina tambaya ba ko takarda ta dawo.

Abin da na koya shi ne, dokar tana tsare wurin daga ɓarayi, amma ba ta san shuka da girbi ba, ba ta kuma san shekarun mutum ba. Yanzu duk wanda ya zo neman izini, nakan fara tambayarsa yaushe ake shuka a wurin, kuma wa ke jira.

Gonar ta zama ta gado. Sai duk magada sun sa hannu, ɗaya kuma yana ci-rani a kudu. Kashin taman yana nan cikin durowata. Har yau ba a yi haƙar ba.