Goyo a Kan Basfar da Na Sayar

Ana idar da sallar asuba muka kama hanya daga Nguru za mu Gashua, ni da ƙanen matata. Shi ke tuƙi, ni ina baya. Wannan zaman bayan shi ya fara ɓata mini rai tun ba mu fita daga unguwa ba, domin basfar da ya goya ni a kanta, har bara tawa ce.

Shekara shida ina hawanta. A wurin wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa na saye ta ta hannu, koriya, fentinta ya koɗe, amma ta kai ni aiki ta dawo da ni da ɗan fetur ɗin da bai taka kara ya karya ba. Sai ga sababbin baburan nan sun shigo gari, waɗanda ake kira roba-roba, masu sheƙi, da ɗan yatsa kawai ake tayar da su. Nan take na ga tawa ta tsufa. Na sayar wa ƙanen matata ita da arha, ina yi masa tsiya cewa ya samu abin motsa jini, tunda kullum zai yi turi. Malamin firamare ne a wani ƙauye a bayan gari, da mata da 'ya'ya uku, ba shi da halin sabo. Yau wata goma ke nan. Sabon nawa yana jingine a zaure, wani ɗan abu na wuta ya ƙone a cikinsa, an zagaye Nguru ba a samu ba, sai aka ce akwai a wani shago a Gashua. Shi kuma dama zai je sayen buhun sabuwar shinkafa, ya ce in zo mu tafi tare.

Ku ji abin haushi. A hannuna, basfar nan ba ta tashi sai na kishingiɗar da ita gefe, na taka kik har gumi ya karyo mini, na haɗa da 'yan baƙaƙen maganganu. A hannunsa taku ɗaya ta amsa. Ya sake mata wayar birki da ta kulochi, ya ɗaura madubi, matarsa ta ɗinka wa kujerar riga da ragowar yadi. Kowace Juma'a, in ji shi, sai ya kwance filogi ya goge. Ni ban taɓa sanin filogi yana son gogewa ba sai ya mutu.

Fitar Nguru a wannan lokaci na kaka abin kallo ne ga wanda zuciyarsa ke kwance. Ruwan fadama bai gama janyewa ba, ciyawar kacala ta tsaya ta fi mutum tsawo, masunta suna kife a kan manyan goruna suna duba komarsu. Tsuntsaye farare sun cika bakin ruwa, matan Fulani sun jero da ƙoren nono a ka suna nufin gari. Na ga duk wannan, amma kunnena yana kan injin. Ina neman ɗan tari, ɗan gargada, wani abu dai da zan ce, "Ka ji ko? Halinta ke nan." Ban samu ba. Sai wani lafiyayyen sauti take yi wanda ban taɓa ji a wurinta ba, hayaƙinta siriri.

Hanyar kuwa sai a hankali. Kwalta ce da suna, amma ramuka sun cinye gefe da gefe, wani wurin sai a sauka cikin yashi a sake hawa. Basfa da ƙananan tayoyi ba ta son rami, na san wannan da ƙashin bayana. Shi sai ya rage giya tun daga nesa, ya kewaye ramin a tsanake kamar mai ɗauke da ƙwai. Manyan motocin hatsi suka riƙa wuce mu suna watsa mana tsakuwa, ko a jikinsa.

Hantsi bai ɗaga sosai ba muka tsaya a Jajimaji karya kumallo. Mai shayin nan yana da hannun zuba madara, burodinsa kuma na jiya ne, amma ƙosan wata tsohuwa da ke gefensa ya rufa asiri. Fetur ya yi wuya a 'yan kwanakin nan, gidan mai a bushe, sai 'yan bumburutu da galan-galan a bakin titi, farashinsu ya kusa ninka na gwamnati, kuma ba a yi musu ciniki. Muna cikin shan shayi wani mutum mai babbar riga ya zo ya zagaye basfar sau biyu, ya shafa gefenta, ya tambaya ko ta sayarwa ce.

Ƙanen matata ya yi dariya ya ce, "A'a, Alhaji. Yayana ne nan ya bar mini ita, ba zan iya rabuwa da ita ba."

Mutumin ya juyo ya dube ni daga hula har takalmi. "Kai ka saki wannan? Ikon Allah."

Ya juya ya tafi. Na ajiye kofin shayin ban shanye ba. Ba zan yi muku kwana-kwana ba, hassada ce ta kama ni, irin wadda mutum ke jin zafinta a ƙirji. Ni na sha wahalar babur ɗin nan shekara shida, ni na tura ta a yashi, yanzu wani ne ake yaba wa a gabana, ni kuma ina zaune a baya kamar kayan miya. Na ji ina son abata ta dawo, kuma girman kai ba zai bar ni in buɗe baki in roƙi ƙanen matata ba.

Ga wanda bai taɓa riƙe basfa ba, injinta ba shi da wurin baƙin mai daban. A cikin tanki ake haɗa shi da fetur, in babu shi injin ya ci kansa. Kowane mai basfa yana yawo da kwalbar baƙin mai da ɗan gwangwanin tumatir na awo. Muka tura ta wurin ɗan bumburutu, tankin ya kusa ƙafewa. Sai ƙanen nawa ya ce zai zaga bayan masallaci, ya miƙo mini kwalbar da gwangwanin.

"Yaya, zuba mata. Kai ka fi ni sanin cikinta."

Aka cika tanki da fetur. Na tsaya da kwalba a hannu. Abin da na gaya wa kaina shi ne ba kashe ta zan yi ba, so nake kawai ta ɗan ba shi kunya a hanya, ta yi zafi ta tsaya, ya ɗanɗani abin da na ɗanɗana. In ta fita daga ransa, sai in zo a matsayin babba in ce ya kawo in rage masa wahala. Na rufe tankin ban zuba ko ɗigo ba, na mayar da kwalbar cikin akwatinta na gaba.

Daga Jajimaji zuwa gaba ƙasar ta buɗe, gonakin gero an girbe, goruba jefi-jefi, garken shanu suna kiwo a karmami. Shi kuwa shayi ya sake masa baki. Yana tuƙi yana waiwayowa yana ba ni labari: yadda a da yake tsayuwa a bakin titi tun duku-duku yana jiran motar da za ta rage masa hanya, yadda hedimasta ya yi masa kashedi har sau biyu a kan makara, yadda yanzu shi ke fara isa makaranta. Ya ce ran da naƙuda ta kama matarsa da tsakar rana, a kan kujerar nan da nake zaune ya kai ta asibiti. Sau uku ina ɗaga hannu zan taɓa kafaɗarsa in ce ya tsaya. Sau ukun ina mayar da hannun kan gwiwata, don ban san da wane baki zan fara ba.

Mun fara hango dogayen itatuwan Gashua ke nan sautin injin ya sauya, ya zama wani busasshen ƙara. Kafin in ce wani abu tayar baya ta cije, basfar ta ja gefe. Allah ya sa ya damƙe kulochi da sauri, muka gangara cikin yashi muka zube. Ni ko ƙwarzane ban yi ba. Shi ƙaurinsa ya daki bakin ƙarfe, wandon ya yage, jini yana tsattsafowa. Bai ko duba ƙafar ba, sai ya tayar da basfar yana kaɗe mata yashi, yana tambayata ko na ji ciwo.

Muka yi ta turi cikin rana. Muka wuce inda aka shanya tattasai ja wur a kan tabarmi, muka wuce masu bugun shinkafa a bakin fadama. Wani manomi ya gaishe mu da Badanci, yaren mutanen yankin, da ya ga mun yi zuru sai ya juya Hausa, ya ba mu ruwa a buta, ya yi mana jaje. Na karɓi turin da ƙarfi fiye da kima, har ƙanen nawa yana cewa in bi a hankali kada in wahala.

A Gashua akwai wani tsohon bakanike da ke zaune a ƙarƙashin wata bishiyar maina kusa da tasha, duk mai basfa a yankin nan ya san shi, ni ma ya san ni. Ya kwance kan injin, ya zaro fistin ya ɗaga shi a rana. Gefensa duk ya kakkarce. Ya tsoma yatsa a tanki, ya murza, ya shinshina.

"Wannan fetur tsura ne. Wa ya zuba mata mai?"

Ƙanen matata ya buɗe akwatin gaba ya ɗauko kwalbar. Tana nan yadda ya ba ni ita, gwangwanin a bushe ƙayau. Ya daɗe yana kallonta. Ni kuma na samu wata tsohuwar taya a ƙasa na ƙura mata ido.

"Ni na manta, Baba," in ji ƙanen nawa.

Tsohon ya wanke shi tas. Ya ce malamin makaranta guda, a ba shi amanar 'ya'yan mutane, ya kasa riƙe amanar gwangwani ɗaya. Ya juyo gare ni ya ce ko ni da ban iya riƙon babur ba, ban taɓa yin wannan sakarcin ba. Ƙanen nawa ya sunkuyar da kai yana cewa, "Haka ne, Baba. An yi kuskure."

Gyaran zai kai la'asar, don haka na sulale cikin gari da sunan neman kayan babur ɗina. Na same shi a shago na biyu, ɗan abu kamar akwatin ashana. Kasuwar Gashua a cike take da bandar kifi, kwando-kwando, ƙamshinsa har bakin titi, shinkafa sabuwa kuma ta fi ta Nguru sauƙi nesa ba kusa ba. Na leƙa bakin kogi, na ga masu kwalekwale suna haye da mutane da buhuna. Na zauna a wata rumfa aka zubo mini shinkafa da miyar kifi, wadda a wata ranar da sai na nemi ƙari. Na ci loma biyar na ture. Da na koma na tarar an sa sabon fistin da ringi, kuɗin shinkafar iyalinsa ne suka tafi a nan. Akwai sauran kuɗi a aljihuna, amma na ga in na miƙa kamar na amsa laifi ne, sai na bar hannuna a inda yake.

Tsohon ya ce sabon fistin ba ya son gudu, a bi da ita a sannu har mako biyu. Haka muka juyo, tafiyar da ba ta fi ta mai keke ba sosai, igiyar da ya kawo don ɗaure buhu tana naɗe a bayana ba komai. Bai ba ni labari ko ɗaya ba a dawowa. Bai kuma ɗaure fuska ba, in mun zo rami ya ce, "Yaya, riƙe da kyau." Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Ana kiran magariba muka shigo Nguru. A ƙofar gidana ya tsaya, ya kashe injin, ya kafe ta, ya zare makullin ya miƙo mini.

"Yaya, ga ta. Da ka faɗa mini da baki kana son abarka, wallahi da na kawo maka har gida. Abu ɗaya nake roƙo, kada maganar nan ta shiga cikin gida."

Ga abin da na yi wuni guda ina ƙulle-ƙulle a kansa, a tafin hannunsa, saura in miƙa nawa. Ban miƙa ba. Na ce masa ya hau ya tafi, kuma ni na ƙi zuba man da gangan, ya yafe mini. Ya ce ya wuce, ya taka kik sau ɗaya, ya tafi yana ɗan karkace ƙafar da ta ji ciwo.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da daɗin faɗa. Basfar ba ta taɓa zama matsala ba, mai ita ne, kuma da na ga ta yi kyau a hannun wani, gara mini ta lalace da in yarda da haka. Na aika musu da buhun shinkafa ta hannun matata, ta yi ta sa mini albarka a kan kirkina, na rasa inda zan sa fuskata. Na ɗaura wa nawa babur ɗin kayansa, ya tashi, yana nan yana sheƙi. Da safen nan ina zaure na ji basfar ta taho a hankali za ta makaranta. Da ƙanen nawa ya zo daidai ƙofata ya danna ham sau biyu, gaisuwa. Ban iya fitowa na amsa ba.