Bangon da Ke Bayan Farin Allo

A da, a ƙasarmu, ana duba bango kamar yadda ake duba dabba. In bazara ta kama, kafin hadari ya fara haɗowa daga gabas, mai gida yakan zagaya ɗakunansa yana shafa gini da tafin hannu. Inda ya ga tsaga sai ya sa yatsa ya ji zurfinta. A kwaɓa ƙasa da ciyawa a yi yaɓe ciki da waje. Mace kuwa in tana shara idonta na gindin bango. Ta ga gara ta ɗaga 'yar hanyarta ta jar ƙasa, sai ta kankare ta zuba toka mai zafi. Yanzu daga Jega har Maiyama, ɗakin da ake yabo shi ne wanda bangonsa ya yi sumul, fari fat, ba inda ido zai tsaya.

Yayata, wadda nake bi, tana zaune a wani ƙauye kusa da Sabiyal, a ɗakin tubali da mijinta ya gina da hannunsa kafin ya rasu. An daɗe da sauke rufin ƙasar an ɗora kwano, amma bangon na nan yadda ya bar shi. Babban ɗanta, ma'aikaci a Birnin Kebbi, ya so ya rushe ya gina mata na bulo. Ta ce ba a rushe ɗakin ubansa tana numfashi. Da ya rasa yadda zai yi, sai ya ce to a suturta shi: a shafe waje da siminti, ciki kuma a buga allo.

Na san allon nan tun ina direban babbar mota. Farar ƙasa ce da aka danne tsakanin takardu biyu masu kauri. Wuƙa ke yanka shi, ruwa ke kashe shi. Na ga ana buga shi a Jidda, inda sai shekara ta zagayo ba a ga ruwan kirki ba. Na ga kuma a Abijan, inda ruwa ba ya fashi, kuma can wani mai aikin ya faɗa mini da Faransanci cewa allon ba ya taɓa ƙasa, ana ɗaga shi faɗin yatsa. Amma ko'ina na gan shi, jikin ƙarfe ne ko jikin bulo. Ban taɓa ganin an rufe ginin ƙasa da shi ba.

Ranar aikin na hau babur daga Jega na je. Mai bugawar wani Kirista ne daga kudu, ya daɗe cikinmu, Hausarsa ta nuna, ga barkwanci. Ya kakkafa katako jikin tubalin, yana ɗaga allunan yana ɗaure su da noti. Ya bar 'yar kafa a ƙasa yadda aka koya masa. Yayata ta duƙa ta leƙa.

"Wanga rami na mi ne?"

"Mama, don kada ya sha ruwa."

"A'a. Ɗakin kunama ne kaka gina min. Ka sauke shi har ƙasa, ka liƙe."

Na ce, "Yaya, bar shi ya yi aikinsa. A Abijan ma haka ake yi."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Kai dai tun da ka ga teku ba ka sake ganin abin kirki gida ba. Kunamar Abijan ta taɓa harbinka? Ni ta nan ta harbe ni."

Mai aikin ya yi dariya har ya aje abin hannunsa. "Alhaji, Mama ce mai ɗaki. Ta ce a liƙe, ni kuma na liƙe."

Ya sauke allunan suka zauna kan daɓe, ya cike haɗin, ya goge, aka yi fenti. Kafin fentin ya gama bushewa ta sa aka mayar da randarta inda take tun tana amarya, a kusurwar gabas, zaune cikin yashi mai laima, kafaɗarta na jingine da bango. Gabas kuwa ita ce fuskar da ruwan sama ke duka.

Shekarar farko ba abin da ya faru. Mata suka riƙa zuwa kallo har daga Aliero, suna shafa bangon suna cewa kamar asibiti. Bazara ta zo ta wuce, ba a kwaɓa ƙasa a gidan ba. Me za a yaɓa? Ciki fari, waje siminti.

A damina ta biyu na fara jin wari. Ba warin ruɓa ba, warin tsohuwar rijiya. Bayan randar wani tabo mai launin ruwan ƙasa ya taso daga daɓe, kamar inda shayi ya zube a farar riga. Duk zuwan da na yi sai na tarar ya ƙara hawa. Wata rana bayan azahar muna zaune, gidan ya yi tsit, na ji wani abu na zuba a bayan allon, a hankali, kamar ana tsiyaya gero daga hannu. Ya tsaya. Can ya sake.

"Yaya, kin ji?"

"Ɓeraye ne. Sun samu birni."

Na tashi na ƙwanƙwasa. A sama allon ya amsa kamar ganga. Kusa da ƙasa bai amsa ba sam. Na danna babban yatsa, ya lotsa kamar tuwon da ya kwana. Ta buge mini hannu.

"Ɓata min za ka yi? Ɗana ya yi min abu, kowa na sa albarka, kai kaɗai kake shinshine-shinshine."

Na kira ɗan nata a waya. Ya ce, "Kawu, kada ka damu, fenti ne. Bayan damina zan turo a sake shafawa." Na ce ba fentin nake ji ba, abin da ke ɗauke da rufin nake ji, kuma kan uwarsa na kwana a gindinsa. Sai ya ce in yi abin da na ga ya dace.

Da na koma, na shiga da wuƙata. Tana tsaye tana faɗa na yanke allon gefen randar, faɗin faifai. Bai ko yi gardama ba, ya faɗo hannuna a jiƙe. Katakon da ke bayansa ya zama ɓawo, gara ta cinye cikinsa ta cike gurbin da jar ƙasa, tana ta kai da komo, fara sol. Tubalin ƙasa ya yi laushi, in ka taɓa ya biyo yatsa. Ga tsaga ta tashi ta yi sama cikin duhu. Na cusa hannu har wuyansa, na taɓo bayan simintin waje, sanyi ƙalau. A wurin, tsakanin ɗakinta da sararin Allah, ba abin da ya rage sai siminti mai kaurin farce.

Faɗan ya tsaya. Ta duƙa ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙa hannu ta kankare hanyar garar da farce, yadda ta saba.

"Da na gani, da ban bari ta kai haka ba," in ji ta.

Ranar aka fitar da gadonta da akwatunanta zuwa ɗakin matar ƙaramin ɗanta. Randar ce ta hana a taɓa. Ta ce tsohuwar randa in aka ɗaga ta daga mazauninta tsagewa take, kuma ruwan kowace randa ba ya yi mata daɗin wannan. Na ce to a bar shiga. Ta ce, "Shiga nawa ne? In ɗebo in fito." Na roƙe ta, na haɗa ta da surukarta, na sa aka jingina itace a ƙofar. Na koma Jega raina bai kwanta ba. Duk hadarin da ya taso, gabas nake kallo.

Ba cikin ruwa bangon ya faɗi ba. An wuni an kwana ana yi, gari ya waye tas, rana ta fito. Da hantsi, surukar na wajen daka, yayata ta kawar da itacen ta shiga da moɗarta. Surukar ta ce ba ta ji wata babbar ƙara ba, sai kamar an sauke buhu daga mota, sannan kwanon rufi ya yi kuka. Bangon gabas ya zauna, ya turo farin allon ciki gaba ɗaya. Allon ne ya fara kwantawa a kanta, ƙasar ta bi bayansa. Maƙwabta suka tono ta da hannu. Tana da rai, tana salati, ƙafarta ta dama a karye wuri biyu.

Masu ɗori na Aliero suka ɗaure ƙafar. Ta haɗu, amma ta gajarce. Da na je duba ta, ta riga ni magana.

"Kada ka ce min Abijan."

Na zauna a gefenta na yi mata sannu.

Babban ɗanta ya kwashe ƙasar ya gina ɗakin bulo a gurbin, kuma wannan karon ba wanda ya tambaye ta. Ruwanta yanzu a jarkar roba yake, jikoki ke miƙo mata. Tun daga ranar ba ta sake tafiya ba sanda ba, kuma ba a sake kwaɓa ƙasar yaɓe a gidan ba.